Korona, kalsiyam da bitamin D: abin da aka gani a asibitoci

Ƴan uwa, tun 2020 likitocin birnin Milan na Italiya suka lura cewa da yawa daga waɗanda korona ta kwantar, kalsiyam ɗin jininsu ya yi ƙasa, kuma masu wannan ƙarancin sun fi shiga hatsari. Kalsiyam ba ƙashi kaɗai yake ginawa ba, da shi zuciya take bugawa. Masu daidaita shi su ne bitamin D da wani homon da ƴan tsokoki huɗu da ke cikin wuya suke fitarwa.

Daga nan aka yi ta sayen bitamin D kamar goro. Amma a Barazil an gwada majinyata 240, aka bai wa rabinsu babban awo sau ɗaya, sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna sun riga sauran barin asibiti ba. Mu a fahimtarmu, ƙarancin ya fi kama da alamar jikin da ya riga ya raunana. Yawan shansa kuwa yana cutar da ƙoda.

Tsofaffinmu da matan da ba sa samun rana, a kai su likita ya auna jininsu kafin a saya musu komai.