Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

'Yan'uwa na rassan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji: Yau maganarmu a kan 'yan mishan ce da limaman soja, watau baƙin da ke zo mana da littafi a hannu. Yaya za mu tarbe su, yaya kuma za mu yi musu rakiya?

Waɗansu samarinmu suna cewa duk Nasara ɗaya ne, a kore su baki ɗaya. Waɗansu kuwa da sun hango farar fata da mota sai a kira makaɗa, a yanka rago, tun ba a ji da me ya zo ba. Mu dai ra'ayinmu shi ne, ranar sallama ake auna baƙo, a ga abin da ya bari, da hannun wanda ya bar wa.

Mu fara da limamin soja. Rundunar Faransa tana da fada da fasto, har da limamin Musulmi, masu yi wa sojojinta addu'a da jana'izar wanda ya faɗi. Ba mu raina aikinsu ba, amma jama'arsu tana cikin bariki, albashinsu kuwa daga hukumar soja yake fitowa. Tare suke zuwa da soja, tare suke komawa. Sojan Faransa sun gama fita daga Nijar a watan Disamba 2023, na Amurka a watan Satumba 2024. To, wane manomi ne a Gazawa ya yi kewar fadan bariki? Irin wannan baƙo a ba shi ruwa, a ce Allah ya kiyaye hanya, shi ke nan.

Ɗan mishan kuwa cikin gari yake sauka, ya koyi Hausa, ya daɗe. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka zo Tsibirin Gobir, cikin ƙasar Gidan Rumji, a 1927. Sun buɗe asibitin Galmi a 1950, da asibitin kutare na Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. Wanda aka wanke wa gyambo a can ba ya mantawa, mu ma ba mu manta ba. Amma fa akwai abin faɗi. Sun koya wa almajiransu karatun Hausa don su karanta Linjila, suka yi nawa wajen lakwal ta Faransanci, alhali ita ce ƙofar aikin gwamnati. Da mulkin kai ya zo a 1960 sai waɗannan yara suka tarar an riga su.

Sai kuma Tony Rinaudo, ɗan mishan mutumin Ostiraliya, wanda ya zo Maraɗi a 1981. Da farko dashen itace ya yi ta yi kamar sauran baƙi, dashen yana mutuwa, iska da awaki suna cinye saura. A 1983 ya lura cewa tsiron nan da muke sassabewa kowace bazara toho ne na kututture mai saiwa da rai a ƙasa. Dabarar ita ce a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a tsare su daga dabba da gatarin wani. Sunanta sassaben zamani. Yunwar 1984 ta sa aka haɗa ta da rabon abinci, ta shiga ƙauyuka. Ya tafi a 1999, aikin bai tafi ba. A Ɗan Saga ta ƙasar Agiye mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itace, da mata a ciki. Daga baya masana suka ƙiyasta itace wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Me ya sa wannan ya zauna? Don ba ya bukatar mota ko kuɗin waje, sai adda da haƙuri, kuma gawo da kalgo da sabara dama namu ne. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muna umartar kowane reshe, in baƙo ya sauka a tarbe shi da mutunci, a yi masa tambaya uku a gaban mai gari: Wa ya aiko ka? Me ka kawo? Wane ɗanmu za ka koya wa don ya gaje ka? Ranar tafiyarsa kuma a tambaye shi wa ya bar wa mabuɗi. In ɗan gari ne, a raka shi har bakin kasuwa da godiya.

Abu na ƙarshe. Kiristan da mishan suka bari a Tsibiri da Agiye 'yan ƙasa ne, jininmu ne, ba baƙi ba. Ƙone majami'u da aka yi a Damagaram da Yamai a watan Janairu 2015 abin kunya ne, kada ɗan jam'iyya ya sa hannu cikin irinsa.

A karanta wannan takarda ranar kasuwa, mai karatu ya faɗa wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.