Ƙuri'a ba gonar gado ba ce

Jama'a, duk sanda aka taɓo siyasar Amurka sai in ga wasu samari masu ganin sun waye suna yi wa mutanen Vermont, Massachusetts da Maryland dariya. Wai yaya jahar da ke bin masu ra'ayin kawo sauyi a zaɓen shugaban ƙasa za ta juya ta miƙa kujerar gwamna ga jam'iyyar masu ra'ayin riƙau? Wai ko dai ruɗewa ce, ko an saye su. Ni kam ina tare da mutanen nan. Sun fi masu yi musu dariya sanin abin da ƙuri'a take nufi.

Mu fara da alƙaluma. Can, gwamna zaɓarsa ake yi, ba naɗa shi ake daga babban birni ba kamar nan gida. Vermont ita ce jahar Bernie Sanders, sanatan nan mai kiran kansa ɗan gurguzu. A 2020 Joe Biden na jam'iyyar Dimokurat ya samu kusan kashi 66 cikin 100 a can. Rana guda, takarda guda, Phil Scott na jam'iyyar Ripablikan ya ci gwamna da sama da kashi 68. Tun 2016 suke maido shi duk shekara biyu. A Massachusetts kujerar ta zauna hannun 'yan Ripablikan daga 1991 har 2007, sannan Charlie Baker ya karɓe ta a 2014. Da ya nemi ta biyu a 2018 ya kwashe kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, a ranar da mutanen nan dai suka maida Elizabeth Warren majalisar dattawa. Maryland kuwa ta zaɓi Larry Hogan har sau biyu, 2014 da 2018. Abin da ake maimaitawa shekara talatin ai ya wuce a ce hannu ne ya zame.

Dalili na farko, birki. A jahohin nan uku majalisa ta 'yan Dimokurat ce, da rinjaye mai yawa. Kuma jam'iyyar da ba ta tsoron faɗuwa, wari take yi ko da aƙidarta ta yi kyau. Ku dubi Massachusetts: shugabannin majalisar wakilai uku a jere, Charles Flaherty, Thomas Finneran da Salvatore DiMasi, duk kotun tarayya ta kama su da laifi, na ƙarshen har da ɗaurin shekara 8 kan cin hanci. To in kai ne mai zaɓe a can, za ka haɗa wa gida ɗaya majalisa da gwamna da makullin baitulmali? Sai suka raba. Majalisa ta rubuta doka, gwamna na da ikon ƙin sa hannu, majalisa kuma in ta haɗa rinjayen da tsarin mulkin jaha ya tanada ta tsallake shi. Kowa na da mai kallon hannunsa.

Na biyu, aikin gwamna daban yake. Ba shi ke tura soja yaƙi ba, ba shi ke zaɓen alƙalan kotun ƙolin ƙasa ba. Nasa shi ne hanya, makaranta, asibiti, kasafin kuɗi da lampo. Hogan ya ci 2014 ne da maganar lampon da aka yi ta ƙarawa zamanin gwamna Martin O'Malley, har da wani kuɗin kula da magudanan ruwa da 'yan adawa suka laƙaba wa suna harajin ruwan sama. Abokin karawarsa Anthony Brown, mataimakin gwamna mai ci, ya shiga takara kamar mai zuwa karɓar gado, magoya bayan jam'iyyarsa da yawa kuma suka yi zamansu gida.

Na uku, kuma nan ne masu dariya ba su son a je: mutanen nan ba kowane ɗan Ripablikan suke ɗauka ba, sai wanda ya sunkuyo ya same su inda suke. Mitt Romney ne ya sa hannu a dokar inshorar lafiya ta Massachusetts a 2006, wadda daga baya Obama ya yi koyi da ita. Scott ya sa hannu a dokokin taƙaita bindiga a 2018, 'yan jam'iyyarsa na yi masa ihu, kuma da bakinsa ya ce Biden ya zaɓa a 2020. Baker bai taɓa bin Donald Trump ba. Da jam'iyyar ta manta da wannan sharaɗi a 2022 ta tsaida mutanen Trump, Geoff Diehl a Massachusetts da Dan Cox a Maryland, duk biyun sun sha ƙasa da tazarar kusan kashi 30 ko fiye. Hogan kansa da ya nemi sanata a 2024, Maryland ta ba Angela Alsobrooks. Sun yarda ya riƙe musu gida, amma ba su yarda ya je Washington ya ƙara wa jam'iyyarsa kujera ba. Mai ruɗewa bai iya wannan lissafi.

Za a ce mini abin na da farashi. Gaskiya ne, kuma talaka ke biya. A 2015 Hogan ya soke layin jirgin ƙasan Red Line na birnin Baltimore, aka yi asarar kusan dala miliyan 900 na tarayya, unguwannin baƙar fata da ke jiran hanyar zuwa wurin aiki suka tashi a tutar babu. Scott ya ƙi sa hannu a dokar hutun iyali mai albashi. Ban wanke kowa ba. Sai dai in za a nemi mai laifi, a fara da jam'iyyar da ta tsaida ɗan takara sakaka don ta ɗauka jaha tata ce. Zagin mai zaɓe shi ne hanya mafi sauƙi ta guje wa wannan tambaya.

Kuma abin ba gefe ɗaya ba ne. Kentucky da Kansas, inda Trump ke ci ba gumi, sun zaɓi gwamnonin Dimokurat, Andy Beshear da Laura Kelly, kowane sau biyu.

Abin da ya sa na damu da wannan magana, mu ma mun san yaren nan na «jaha kaza ta wane ce». Mun ji shi a kan Tawa, mun ji shi a kan Damagaram, mun ji shi a kan Yamai, har yaro ya tashi ya tarar an riga an rubuta masa wanda zai zaɓa tun bai yi katin zaɓe ba, in ya kauce a ce ya ci amanar gida. Ɗan siyasar da ya tabbata ƙuri'arka na aljihunsa ba zai sake zuwa unguwarku ba sai da ganga da atamfa. Wanda ya san kana iya juya masa baya, shi ke gyara famfo.

Saboda haka, 'yan uwana matasa, duk ranar da akwati ya zo gabanku, ku tambayi kujerar me ake nema, me mai ita ke iya yi, wa zai kalli hannunsa. Mutanen Vermont tambayoyin da suke yi kenan duk shekara biyu.