Laka ba ginin talaka ba ce

Tun 2022 Faransa ta sa doka: sabon gida sai an lissafa gurɓataccen hayaƙin da haɗa kayan gininsa ya fitar, tunda yin siminti na cikin manyan masu ɗumama duniya. Su suna rage siminti, mu kuwa muna raina laka. Haba jama'a! Masallacin Yama a jihar Tahoua laka ce, har ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Wai ruwa na rushe ta? To a yi tushe da dutse, a riƙa yaɓe. 'Ya'yanmu na karatu cikin rumfunan zana masu kama wuta, maginanmu na gargajiya na zaune ba aiki. Gwamnati ta ba su kwangilar azuzuwa mana!