Dokokin Sauya Adireshin Shafi Su Riƙa Tafiya Tare da Manhaja

Duk wanda ya taɓa ɗauke shafin intanet daga wata sabar zuwa wata ya san cewa kwashe fayiloli ne ɓangare mafi sauƙi. Matsalar tana ɓullowa ne washegari, lokacin da mai karatu ya danna linkin da aka tura masa a WhatsApp tun bara, sai ya ci karo da 404. Labarin yana nan, amma hanyar zuwa gare shi ta ɓace, domin an bar dokokin sauya adireshi a tsohuwar sabar.

Waɗannan dokoki aiki biyu suke yi. Na farko, maziyarci ya buɗe /labarai/52, sai a juya shi daga ciki zuwa /labari.php?id=52 ba tare da ya ga komai ba. Na biyu, a gaya wa burauza cewa shafin ya tashi, ga sabon adireshinsa: lambar 301 idan tashin na dindindin ne, 302 idan na wucin gadi ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne kowace sabar da yarenta. Apache tana amfani da mod_rewrite, wanda Ralf Engelschall ya rubuta a 1996, kuma galibi a fayil ɗin .htaccess ake ajiye dokokinsa. IIS ta Microsoft tana karanta nata daga web.config. Nginx kuwa ko kallon .htaccess ba ta yi. Saboda haka wanda ya tara dokoki na shekaru a Apache, ranar da ya koma Nginx sai ya sake rubuta su da hannu, kuma doka ɗaya da ya manta ta isa ta kashe linki masu yawa.

Shi ya sa ya fi dacewa mai gina manhaja ya damƙa wannan aiki ga laburaren da ke tafiya a kowane tsarin kwamfuta. Tun fitowar ASP.NET Core 1.1 a 2016 akwai Microsoft.AspNetCore.Rewrite, wanda ke aiki a Windows da Linux da macOS, kuma yana iya karanta dokokin da aka rubuta da salon Apache ko na IIS. Masu aiki da Java suna da UrlRewriteFilter, wanda ke ɗaukar dokokinsa daga urlrewrite.xml, ko a Tomcat aka ɗora manhajar ko a Jetty.

Amfanin a bayyane yake. Fayil ɗin dokokin yana zaune a Git tare da sauran aikin, don haka ana ganin wanda ya taɓa shi da ranar da ya taɓa. Ana gwada shi a kwamfutar tafi-da-gidanka kafin ya hau intanet. Idan kamfanin da ke ajiye shafin ya ƙara kuɗi, sai a tattara a koma wani, dokokin su biyo baya.

Masu suka suna da hujja. Sabar ta fi laburare sauri, domin tana yanke hukunci tun buƙatar ba ta isa manhaja ba. Microsoft da kanta ta bayyana cewa laburarenta bai ɗauke duk abin da mod_rewrite ke iya yi ba. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa rabon aiki ne. Dokoki na gama-gari, irin tilasta HTTPS, a bar wa sabar. Waɗanda suka shafi tsarin shafin kansa, wato wane labari ya koma ina, su zauna cikin manhaja, tunda tare suke canzawa.

Sai dai laburare ba ya hana ganganci. Burauza tana riƙe 301 a ƙwaƙwalwarta, don haka kuskure yana iya bin maziyarci ko bayan an gyara. Gara a fara da 302, in an tabbatar sannan a mayar 301. A kuma lura da jerin dokokin, kada biyu su riƙa jefa maziyarci tsakaninsu har burauza ta gaji ta tsaya.

Tun 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya ja hankali cewa adireshi mai kyau shi ne wanda ba ya canzawa. Kowane linki da ya fita alkawari ne tsakanin mai shafi da mai karatu, kuma bai kamata sauya sabar ya zama dalilin karya shi ba.