Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Duk lokacin da tarzoma ta ɓarke a wata kasuwar Kudu, maganin hukuma ɗaya ne: a rufe kasuwa, a hana fita, a kwashe wanda aka tarar. Haka aka yi a Mile 12 ta Ikko cikin watan Maris 2016, haka kuma a Shasha ta Badun cikin Fabrairu 2021. Dukansu biyu ƙaramar hatsaniya ce mafarinsu, irin wadda dattijo guda zai iya kashewa tun da hantsi, amma aka bar ta har 'yan iskan gari suka karɓe ta, aka yi asarar rayuka da dukiya.

To, waɗannan zauna-gari-banza ba daga sama suke faɗowa ba. Mai shayin bakin tasha ya san su da suna. Ɗan dako ya san lungun da ake sayar musu da ƙwaya, ko da yake tun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kurtun ɗan sandan da yake kwana a titi ya san wanda yake zuwa belinsu kafin gari ya waye. Abin mamaki, waɗannan mutane su ne ba a tambaya.

Da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 daga ran 1 ga Yuni 2022, tana da hujja, gama waɗansu 'yan acaba sun mai da dokar hanya abin wasa, har da taron dangi a kan wanda suka yi saɓani da shi. Amma saurayin da aka ƙwace babur ɗinsa aka murƙushe, ina ya nufa? Tambaya ce wadda ta kamata a yi wa masu sana'ar tun kafin a zartar.

Hanya kuwa tana nan. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗa kai tsakanin jama'a da 'yan sanda. Sai dai taron da aka yi shi a otal, cikin Turanci, da manya masu babbar riga, ba jin ra'ayin jama'a ba ne. A kai shi cikin kasuwa, a kawo tafinta, a zaunar da Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan ƙasa, sa'an nan a bar mai turin kura ya faɗi nasa ba da tsoron a kama shi ba.

'Yan Arewa mazauna Kurmi su ma da nasu laifin. Da yawa in an kira taro sai su ce su baƙi ne, neman abinci ya kawo su. Waɗansu kuma sukan ɓoye yaron da ya yi ɓarna don kurum ɗan garinsu ne. Mutumin da ya shekara 20 a Agege, ya yi aure, ya haifu, 'ya'yansa suna jin Yarabanci kamar Hausa, rumfarsa ce za a fara ƙonewa in abin ya tashi, ko ya je taron ko bai je ba.