GAIN ba makunnin ƙara murya ba ne

Jama'a ku yi min haƙuri, yau da masu amfilifaya a mota nake.

Hutun da ya wuce na bi wani ɗan ajinmu daga Kontagora zuwa Kasuwan Garba. Wallahi kafin mu isa kunnena ya fara ƙugi, sifikarsa kuma tana warin ƙuna. Wai mai gyara ne ya cuce shi. Na ce a'a malam, hannunka ne.

Makunnin nan da aka rubuta wa GAIN, aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin abin da rediyo ke turo mata. In ka murɗe shi ƙarshe sauti zai tsage, siririyar wayar cikin sifika ta yi zafi ta ƙone. Ka mayar da shi ƙasa tukuna, ka kai rediyo kashi uku cikin huɗu, ka riƙa ɗagawa a hankali. Da ka ji murya ta fara shaƙewa, ɗan dawo baya. Shi ke nan fa. Fis kuma kusa da batir ake sa shi, ba can cikin but ba, sai in gobara kake nema.

Ni kunne ya fi damuna. A ma'aunin masana, ƙarar desibel 85 awa 8 ce iyakarta a rana, in ta ƙaru da 3 kacal lokacin ya ragu da rabi. Sannan hanyar nan tamu kowa ya san halin da take ciki, direba na buƙatar jin abin da ke faruwa a waje. Ranar nan sai da babur ya zo daf da mu kafin mutumin ya ankara.