Abdu Maikaba da darasin da Enugu Rangers ta koyar

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Enugu Rangers ba kamar sauran ƙungiyoyi take ba. An kafa ta a 1970, yaƙin basasa na ƙarewa, ta zama abin da Inyamurai suka share hawayensu da shi, har ta ɗauko kofin nahiyar Afirka a 1977. Duk da wannan tarihi, a 2021 shugabanninta suka damƙa ragamar horar da 'yan wasanta a hannun Bakano, Abdu Maikaba, wanda ya gaji wani ɗan Arewa, Salisu Yusuf.

Ba alfarma aka yi musu ba. Maikaba ya fito da Wikki Tourists ta Bauchi cikin sahun gaba, ya ci wa Akwa United Kofin Aiteo a 2017, sannan ya riƙe Plateau United tana saman teburi lokacin da annobar korona ta tsayar da gasar 2020. Salisu kuwa ya ci gasar ƙasa da Kano Pillars a 2008, ya ci kofin ƙalubale da Enyimba ta Aba a 2013. Aikinsu aka duba.

Mai suka zai ce ai babu wanda ya kawo kofi Enugu a cikinsu, sai da Fidelis Ilechukwu ya zo aka ci gasar 2024. Gaskiya ne, kuma nan darasin yake. Mudun da aka auna su da shi wajen ɗauka, da shi aka auna su wajen rabuwa.

Enugu ta saba da haka. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garinta na farko. Hausawan da ke fatauci a Enugu da Onica da Fatakwal suna buƙatar irin waɗannan misalai, domin duk lokacin da hankali ya tashi su ne farkon waɗanda ake kira baƙi.

Ma'aikatan tarayya da hadiman manya, waɗanda takardun naɗi ke bi ta teburinsu, ya kamata su tsaya su yi nazari. Tsarin rabon muƙamai tsakanin jihohi yana da amfaninsa, amma ba a kafa shi don ya zama mafakar marasa ƙwazo ba. Idan ƙungiyar da aka gina kan raunin yaƙi ta iya tambayar mutum abin da ya iya kafin ta tambayi garinsu, ofishin gwamnati a Abuja ba shi da hujjar kasa yin haka.